Yadda ake ceto jitar lantarki da ta karye a hanya

Kwali na iya isowa lafiya ƙalau, babu lotsawa babu yagewa, a buɗe akwatin da ke ciki a tarar kan jita ya tsage, tsirkiyoyi ne kawai ke riƙe da shi. Masu gyaran jita sun saba ganin haka. Idan kwalin ya faɗi ta baya daga motar kaya, akwatin yana riƙe gangar jiki da wuya gam, amma kan, mai ɗauke da maɗaura shida na ƙarfe, a sarari yake lilo. Ga kuma tsirkiyoyi shida suna jansa da ƙarfin da ya kai kilo 45 zuwa 50. Girgiza ɗaya ta isa.

Abin ya shafi makaɗan Nijar da arewacin Najeriya kai tsaye, domin kusan duk jitar lantarki da ake kaɗawa a bukukuwan Agadas da Yamai, ko a majami'un Jos da Kaduna, daga waje aka kawo ta: Amurka, Meziko, Japan, Indunusiya ko Sin. Kafin ta iso ta hau jirgi, ta kwana a sito, ta bi mota, ta ratsa hannayen mutanen da ba su san abin da ke cikin kwalin ba. Yawancin ɓarnar da take samu a wannan tafiya tana gyaruwa. Wadda ke ba masu gyara wahala ita ce ta biyu, wadda mai jita ke yi da hannunsa a ranar farko saboda zafin rai da gaggawa.

Aikin farko na wayar hannu ne. Kafin a sa hannu a takardar karɓar kaya, a duba kwalin ta kowace fuska, a ɗauki hotonsa har da lambar da ke manne a jikinsa. Idan akwai huji, lotsawa ko alamar jiƙa, a rubuta a kan takardar a gaban wanda ya kawo. Sannan a buɗe ana ɗaukar bidiyo, ba tare da yankewa ba, tun daga yanke salatif har ɗaga murfin akwati. Kada a zubar da komai, ko kwali ko soso ko leda, domin kamfanin dakon kaya kan nemi ganinsu kafin ya amince da biyan diyya.

Lokaci ma yana da nauyi a nan. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ba fasinjan jirgin sama na ƙasa da ƙasa kwana 7 ya kai ƙara a rubuce idan kayansa sun lalace, ta ba mai kayan da aka aiko ta kago kwana 14. Kamfanonin aika saƙo da kasuwannin intanet kowanne da nasa wa'adin, wasu mako guda kacal. Mawaƙin Kanada Dave Carroll ya ɗanɗana wannan a 2008, lokacin da jitarsa ƙirar Taylor, ta dala 3,500, ta karye a tafiyarsa da United Airlines daga Halifax zuwa Omaha ta Chicago. Kamfanin ya ƙi biya, hujjarsa ita ce ba a kai ƙara cikin awa 24 ba. Sai da ya shafe wata tara yana zarya, daga bisani ya yi waƙa a kan lamarin ya sa a YouTube a watan Yulin 2009, miliyoyin mutane suka kalla, sannan kamfanin ya neme shi. Tasa jitar ba ta lantarki ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma ba kowa ke da muryar da zai tilasta wa kamfani ba.

Da an gama hotuna, sai a sassauta tsirkiyoyi gaba ɗaya, a hankali, kowace kaɗan-kaɗan. Muddin suna ɗaure, tsagar tana ci gaba da buɗewa. A tsince kowane ɓalli na katako da na fenti da ke cikin akwatin a zuba a ambulan. Kada a shafa wurin karayar da yatsa, domin maiƙon hannu yana hana gam kamawa. Kada kuma a riƙa haɗa ɓangarorin ana rabawa don a ga ko za su zauna. Siraran jijiyoyin katakon da suka fito tsitstsaye su ne za su koma cikin juna su riƙe gyaran, kuma duk haɗawa tana murƙushe wasu.

Babban haɗari shi ne sufa-gulu. Yana kamawa kafin a daidaita ɓangarorin, ya shige cikin katako ya toshe shi, ta yadda gam na gaskiya ba zai ƙara samun wurin kamawa ba. Karayar da gwani zai gyara cikin sauƙi sai ta koma aikin kankara da ciko.

Kuma ko da gam ɗin kirki ne a hannu, ba a fara gyara sai an ji daga mai sayarwa ko kamfanin dakon. Gyara ta kafin nan na iya rushe neman diyya. A sami mai gyara ya rubuta kiyasin kuɗin aiki, a haɗa da hotuna da rasit a tura. Zaɓi uku ne ke gaba: a mayar da jita a karɓi kuɗi, a canza ta, ko a riƙe ta a rage farashi. Ga wanda ke Kano ko Damagaram, kuɗin mayar da ita ƙetare kan yi yawa, shi ya sa na uku ya fi zama a hankali. Sai dai a tuna wajen ciniki cewa jitar da aka taɓa ɗora wa kai darajarta a kasuwa tana faɗuwa ƙwarai, ko da sautinta bai canza ba. Ragin da za a nema ya kamata ya wuce kuɗin mai gyara kaɗai.

Daga nan ƙirar jita ce ke nuna hanya. Leo Fender mai gyaran rediyo ne kafin ya fara ƙera jita, kuma ya yi tasa yadda za a iya kwancewa: wuyan Telecaster da na Stratocaster, irin wadda Mdou Moctar na Nijar ke kaɗawa, da noti huɗu aka ɗaure shi a jiki, kan kuma a miƙe yake. Da wuya ya karye. Abin da ya fi faruwa shi ne wuyan ya goce gefe, a ga tsirkiyar ƙarshe tana neman zamewa daga baki. Sai a sassauta notin huɗu kaɗan, a ja wuyan har tazarar tsirkiyoyin gefe biyu ta zo daidai, a sake ɗaurewa. Idan ramin noti ya cinye, a cika shi da siririn katako da gam, a bari ya bushe, a sake hudawa. 'Yar tsagar fenti da ake gani a kusurwar da wuya ya shiga jiki yawanci a fenti ta tsaya. In kuwa wuyan ya lalace ɗungurungum, sabo ake saya a ɗaura.

Gibson daban take. A Les Paul da SG manne wuyan aka yi da gam, kuma daga katakon mahogani, dangin maɗaci, aka sassaƙa shi tare da kan, wanda ya karkata baya da kusan digiri 17. A daidai wannan lanƙwasar jijiyoyin katako gajeru ne. A nan ne kuma aka rarake gurbin notin sandar ƙarfen da ke ratsa cikin wuya, katakon da ya rage bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa mafi yawan kawunan da ke zuwa teburin mai gyara na wannan ƙirar ne.

Aikin kamar ɗorin ƙashi yake, ana so kowane ɓangare ya koma mazauninsa tun karon farko. Mai gyara yana fara cire tsirkiyoyi da maɗaura, ya duba irin karayar. Wadda ta fi sauƙi ita ce doguwa, mai bin jijiyar katako a karkace, musamman idan siririn allon fuskar kai yana riƙe da ɓangarorin. Irin wannan tana da fili mai yawa da gam zai kama. Zai sassaƙa katako biyu, ɗaya daidai da bayan wuya, ɗaya daidai da fuskar kai, ya lulluɓe su da fata don kada ƙarfen matsi ya bar tabo. Zai shafa kakin zuma a notin sandar ƙarfe, domin idan gam ya kama shi, ba a ƙara iya daidaita wuyan. Zai kuma gwada matsewa sau ɗaya babu gam, ya tabbatar komai na zama, tunda bayan an zuba babu lokacin neman kayan aiki.

Gam iri biyu masu sana'ar suka fi yarda da su. Akwai na kafinta mai ruwan ɗorawa irin Titebond Original, wanda ke ba da 'yan mintuna kafin ya fara kamawa. Akwai na fata, wanda ake samu daga fatun dabbobi a narka a zafin kusan digiri 60. Da shi aka haɗa tsofaffin jitoci da gogen Turawa, ba ya saki a hankali ƙarƙashin jan tsirkiya, amma yana daskarewa da sauri, sai hannun da ya ƙware. Gam mai haɗi biyu irin Araldite ana ajiye shi ne don inda katako ya ɓace ko inda wani ya riga ya ɓata wurin da mummunan gyara.

Ana buɗa tsagar a hankali, a tura gam da sirinji har can ƙurya, a riƙa buɗewa ana rufewa kaɗan don ya bazu. Idan aka matse aka ga gam ya tsattsafo ta ko'ina a bakin tsagar, ya shiga ke nan. A sa leda tsakanin jita da katakon matsi, a ɗaure da ƙarfi amma ba har a tatse gam ɗin duka ba, a goge wanda ya fito da tsumma mai danshi. Awa 24 ake barinta a matse, sannan a ƙara mata kwanaki kafin ta ga tsirkiya.

Idan kan ya cire fit, karayar kuma gajera ce ta gitta jijiya, gam kaɗai ba ya isa. Bayan an manne, sai a haƙa dogayen ramuka biyu a bayan wuya, hagu da dama da sandar ƙarfe, su ƙetare layin karayar, a cusa sabon katako mai ƙarfi a ciki, a sassaƙe ya yi daidai da wuya. Wannan ba aikin koyo ba ne a kan jita mai tsada. Amma in an yi shi da kyau yana daɗewa. Les Paul ɗin nan ta 1959 da ake kira Greeny, wadda ta fito daga hannun Peter Green zuwa Gary Moore, wuyanta ya taɓa karyewa aka gyara, kuma Kirk Hammett na Metallica, da ya saye ta a 2014, yana hawa dandamali da ita.

Fenti shi ne ƙarshen damuwa. Lotsawar da ba ta yanke jijiyar katako ba takan taso idan aka ɗora tsumma mai danshi aka taɓa da ƙarfe mai zafi, a inda katakon yake tsirara. Ɓallin fenti mai tauri irin na yawancin jitocin zamani ana cika shi da ɗigon sufa-gulu, a nan ne yake da amfani, a goge da samfefa mai laushi har ya yi sheƙi. Fentin Gibson kuwa siriri ne mai saurin tsagewa idan zafi ya sauya farat ɗaya, da irinsa ake cika shi, kuma yana ɗaukar makonni kafin ya gama bushewa.

Ɓangaren wuta duk mai gyaran rediyo zai iya. A jona jita da amfilifaya, a ƙwanƙwasa kowane maɗaukin sauti da bakin sukundireba. Mai rai zai amsa da ƙara. Wanda ya yi shiru a auna shi da mita: na Stratocaster yakan nuna wajen om 6,000, na Les Paul wajen 8,000. Sau da yawa waya ce ta cire daga makunni ko daga ramin da ake soka igiyar amfilifaya, ɗigon dalma ya wadatar. Idan gurnani ya yi yawa kuma taɓa tsirkiya bai rage shi ba, a duba wayar da ke tafiya zuwa jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Maɓallin murya da ya karye ana canza shi da mai lamba irin tasa, 250k ko 500k, kamar yadda aka buga a bayansa.

Saura daidaitawa. A ɗaura sababbin tsirkiyoyi, a ja su zuwa muryarsu sannu a hankali ana kallon layin ɗorin. A danne tsirkiya mafi kauri a kan ƙarfen gitta na farko da na ƙarshe, a duba tazarar da ke ƙarƙashinta a wajen na takwas. Fender ta ba da kusan milimita 0.25. In ta fi haka a ɗaure sandar wuya, in babu tazara a sassauta, rubu'in juyi a lokaci guda, kuma da zarar notin ya cije a dakata.

Akwai ɓarna guda da ba laifin mai dako ba ce. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, alhali a tsakiyar hunturu takan sauka ƙasa da 20 a Kano da Agadas. Katakon wuya sai ya tsuke, bakin ƙarafan gitta ya fito yana kartar hannu, wuyan kansa ya motsa. Jitar da ta iso a wannan lokaci ana ba ta mako biyu ko uku a cikin akwatinta, da ɗan soso mai danshi a gwangwani mai huji wanda ba ya taɓa jikinta, kafin a goge bakin ƙarafan da zarto mai laushi a sake auna wuyan.