Zaɓen Akori-Kura Domin Jan Ƙaramar Tirela

Mai tafiya Kafancan daga Kaduna ta hanyar Kaciya da Zonkwa, ba zai yi nisa ba sai ya iske Mararaban Rido, a wajejen matatar man da aka buɗe a 1980. Wannan hanya ita ce ke fito da citta da masara da doya daga kudancin jiha, ita ce kuma ke shigar da taki da siminti. Wani kashi na wannan kaya a bayan akori-kura yake tafiya. Tun sa'ad da kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kakuri cikin 1975, akori-kura ta zama jakin manomi da ɗan kasuwa, har zamani ya kawo Toyota Hilux da 'yan'uwanta.

To, sau da yawa bayan motar ba ya isa, sai mai ita ya je wurin mai walda a ƙera masa ƙaramar tirela, domin buhuna, ko tankin ruwa, ko injin casa. A Turai da Amurka har ɗakin kwana sukutum mutane kan ɗaura wa irin wannan mota su tafi yawon hutu. Mu namu jan na neman abinci ne, amma ƙa'idar ɗaya ce. Wannan takarda domin wanda yake shirin sayen mota ne da niyyar ja, kafin ya ƙirga kuɗinsa ya miƙa.

Fara da kayan, ba da motar ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tsaya a bakin mota, a tayar masa da inji, ya ji rurinsa, ya ce lalle wannan za ta ja. Gaskiya ne za ta ja. Ko ƙaramar mota tana iya gusar da kaya mai nauyin gaske a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Abin tambaya shi ne, in akuya ta gilma, ko yaro ya tsallaka titi a guje, za ta iya tsayar da kanta da abin da ke bayanta? Wannan kuwa aikin birki ne da taya da shasi da nauyin motar kanta, ba aikin inji ba.

Saboda haka ka ɗauki takarda da alƙalami. Buhun taki kilo 50 ne, haka na siminti. Babban buhun masara kimanin kilo 100 ne. Litar ruwa guda kilo guda ce, watau tanki mai cin lita 1,000 tan guda ke nan, ban da nauyin tankin. Alal misali, in tirelarka ba kaya tana da kilo 400, ka ɗora mata buhu goma na masara, abin da motarka za ta ja kilo 1,400 ne. Kada ka yi lissafi da ranar da kaya ba su da yawa. Yi da ranar kaka, sa'ad da maƙwabci zai roƙe ka ka sa masa buhu biyu, kunya ta hana ka ƙi. In ba ka san nauyin tirelar ba, kai ta inda ake da sikelin auna motoci. Kintacen mai walda ba awo ba ne.

Abin da maƙerin mota ya rubuta

Kowace mota tana fitowa daga masana'anta da iyakarta a rubuce. Duba jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko ƙarƙashin murfin inji, za ka ga ɗan allon ƙarfe ko liƙaƙƙiyar takarda. A motocin da suka zo ta Turai, galibi lambobi huɗu ne a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da dukan abin da ke cikinta. Ta biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Sauran biyun kuwa abin da ƙafafun gaba da na baya za su iya ɗauka ne. In ka ɗebe ta farko daga ta biyu, ka sami kimanin abin da motar za ta ja tana cike da kaya. Littafin da ke zuwa da mota shi ma yana faɗin wannan. Wanda motarsa ta fito daga Amurka ya lura, can da laba suke awo, laba 1,000 kuwa kilo 454 ce kawai.

Sunan mota ba hujja ba ne. Ko a cikin Hilux akwai wadda aka yarje wa kilo 3,500, akwai wadda ba ta kai nan ba, gwargwadon shekararta da injinta da irin giyarta. Dillali zai ce maka duk ɗaya ne. Ka ce ya nuna maka a rubuce. In an ɓamɓare allon, ko fenti ya rufe shi, ka yi hattara da motar baki ɗaya.

Akwai kuma wani abu da dillali ba ya faɗa. Wannan babbar lamba ta tirela ce mai birkin kanta. Tirelar da ba ta da birki, iyakarta ga yawancin waɗannan motoci kilo 750 ne, har da nauyin jikinta. Mafi yawan tirelolin da ake ƙerawa a bakin hanya kuwa ba su da birki ko kaɗan. Ka ga ke nan mai buhu goma da muka yi misali da shi ya kusa ninka iyaka, ko da motarsa sabuwa ce fil. Ko dai ya sa a yi wa tirelar birki, ko ya yi sahu biyu.

Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya

Ba dukan nauyin tirela ke kan tayoyinta ba. Wani kashi yana danne ƙugiyar da ke bayan mota, abin da ake so kuwa ya zama kimanin kashi 10 cikin 100, muddin bai wuce abin da aka buga a jikin ƙugiyar ba. Wannan nauyi a cikin lodin motar ake ƙirga shi. Mu ɗauka motarka na ɗaukar kilo 1,000. Kai da mutum biyu kun ci wajen kilo 210, ƙugiya ta ci 140, saura 650. Watau buhu shida ne ya rage maka a bodi, ba goma ba.

Yadda aka jera kaya shi ke sa wannan nauyi ya daidaita. A sa fiye da rabi, kamar kashi 60, a gaban tayoyin tirela, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau. In kaya suka rinjaya baya, tirela sai ta riƙa lilo, tana kaɗa gindin mota hagu da dama, gudu kuwa ƙara shi yake yi har ta kayar da motar. In kuma suka yi yawa a gaba, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta riƙa haska idon masu zuwa. Tankin ruwa rabi ya fi cikakke haɗari, gama ruwan yana tunkuɗa gaba duk sa'ad da aka taka birki. Mutane kuwa ba a ɗaukarsu a tirela, ko da tafiyar daga gona zuwa gida ce.

Ƙugiyar kanta a jikin shasi ake ɗaure ta da ƙusoshi masu ƙarfi, ba a jikin bamba ba. A haɗa da sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashinta, domin in ta kwance su tallafe ta. A ja wayar fitilar birki da ta sigina har bayan tirela.

Ranar duba mota

Tafi da makanikinka, ba na mai sayarwa ba. Ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi: tsatsa, tsagewa, ko tabon walda. Shasin da ya taɓa karyewa bai dace da ja ba. In ka ga an ƙara ganyen sifirin, ka san motar ta sha lodi. Ƙarin sifirin yana hana bodi zama a kan taya, amma ba ya ƙara wa birki komai. A gwada kuloci a kan hawa. A duba lagireto, domin ja yana dafa inji, balle a watannin bazara. Mai giyar otomatik tana bukatar abin sanyaya man giya.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 1522 na nufin mako na 15 na 2022. Akwai kuma lambar nauyi, inda 100 ke nufin kilo 800 ga taya guda, 112 kuwa kilo 1,120. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma tayoyin tirela su aka fi mantawa da su.

Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da amfani ga wanda gonarsa ke cikin taɓo da damina, to amma ba ta fi saura tsayawa ba.

Daga nan sai ka yi tunanin inda za ka riƙa bi. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Mararaban Rido zuwa kasuwannin Kaduna ba, da wanda zai hau tudun Jos ya gangaro ta Hawan Kibo da lodi, ba mota ɗaya suke bukata ba. Na biyun ya nemi wadda iyakarta ta ɗara lissafinsa da rata mai yawa. A doguwar gangara birki yana yin zafi har ya daina kamawa, don haka a sa ƙaramar giya tun daga sama, kada a saki giya don tsimin mai. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka huɗu. Idan kuwa tirela ta soma lilo, direba ya ɗage ƙafa daga totur sannu a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya danna birki da ƙarfi. In ta natsu ya gangara gefen hanya, ya sauke kayan ya sake jera su.

Game da rajistar tirela da irin lasin da ya dace da nauyinta, a tuntuɓi ofishin jami'an duba motoci mafi kusa kafin a hau titi.