Sabuwar Na'urar Gem: Shin Za Ta Karɓi Tsohon Faifai?

Darasin allonmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata gardama da ta kaure a gidan gem na unguwarmu a nan Sule Tankarkar. Kada malamai su yi mana fushi, ranar Asabar ce, kuma bayan an tashi daga Islamiyya.

Mai gidan gem ɗin, wanda dukkanmu muke kira Yaya, yana da PS2 guda biyu da PS4 guda ɗaya. Ya daɗe yana zubin adashi, kuma ya ce idan ya kwasa zai sayar da su duka ya cika, ya je Kano ya sayo PS5. Nan take aka rabu gida biyu. Wasu suka ce ya saya, wasu suka ce ya jira PS6 tunda ana ta maganarta a waya. Sai wani ɗan aji ɗaya ya nuna kwalin faifan da ke ƙarƙashin tebur, ya ce, "Yaya, to waɗannan fa, za su yi a sabuwar?" Kowa ya yi tsit. Wannan tambaya muka kai wa malaminmu na kwamfuta, kuma ga abin da muka koyo.

Idan sabuwar na'ura tana iya aiki da kayan tsohuwa, Turawa suna da wani dogon suna da suke kiran abin. Mu a kulob mun raɗa masa "karɓar tsoho". Ba a gem kaɗai ake samunsa ba. Kun tuna ƙarshen 2022 da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000? Da aka ce tsofaffi sun daina aiki, mutum yana riƙe da kuɗinsa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis amma mai kaya ya ƙi karɓa. Sai a watan Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsoho da sabo tare. To faifan gem ma haka yake. Kuɗi ne aka sa aka saya, idan sabuwar na'ura ta ƙi shi, ya zama madubin wasan yara.

Me ke sa wata ta karɓa, wata ta ƙi? A darasin kwamfuta an koya mana cewa kowace na'ura tana da ƙwaƙwalwa, wato furosesa, kuma kowane wasa jerin umarni ne da aka rubuta wa wannan ƙwaƙwalwar. Malam ya ce mu ɗauka kowace ƙwaƙwalwa tana da yaren da take ji. Idan an rubuta wasa da yaren wata, aka ba wadda ba ta jin yaren, ko da faifan ya shiga ramin daidai, ba abin da zai fito a talabijin. Ashe ba girman faifai ba ne matsalar, kamar yadda da yawanmu muka zata.

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da PlayStation ta farko a 1994. A 2000 ya fitar da PS2, kuma ita tana buga faifan ta farkon, domin an sa wani ɓangare na tsohuwar ƙwaƙwalwar a cikinta. An sayar da PS2 fiye da miliyan 150 a duniya, har yau ba na'urar Sony da ta kamo ta. Ba mamaki ta girme mu duka amma tana nan tana aiki a garinmu.

Labarin PS3 shi ya fi ba mu mamaki. Da ta fito a 2006, na farko-farko suna buga faifan PS2, saboda an dasa musu kayan cikin PS2 sukutum. Amma hakan ya ƙara mata tsada, sai daga 2007 kamfanin ya fara fitar da wasu da aka cire wannan ɓangaren. Ke nan PS3 biyu za su iya zama a kan tebur ɗaya, suna iri ɗaya, ɗaya ta karɓi faifanka ɗaya ta ƙi. Wanda bai sani ba sai ya ce mai shago ya cuce shi. Da PS4 ta zo a 2013 kuwa, an sauya ƙwaƙwalwar gaba ɗaya zuwa irin ta kwamfuta, ta kamfanin AMD, don haka ba ta buga faifan PS3 ko na PS2. PS5 ta fito a watan Nuwamba na 2020 da ƙwaƙwalwar AMD ita ma, sai dai ta fi ƙarfi. Yare ɗaya suke ji da PS4, shi ya sa take buga kusan duk wasanninta, waɗanda sun haura 4,000.

Akwai wata hanya ta biyu, kuma da yawanmu mun san ta ba tare da mun san sunanta ba. Ita ce a samar da manhajar da za ta zama tafinta tsakanin tsohon wasa da sabuwar ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo da PPSSPP a wayar yayansa ya yi amfani da tafinta, domin wasannin an yi su ne don PSP, ƙaramar na'urar hannu da ta fito a 2004. Kun lura wani lokaci wasan yana sarƙewa ko murya ta riƙa yankewa? Wayar ce ke aiki biyu, tana fassara tana kuma bugawa. Da irin wannan dabara kamfanin Microsoft ya sa Xbox One ta fara karɓar wasannin Xbox 360 a 2015. Nintendo ma da ya fitar da Switch 2 a watan Yuni na 2025, yawancin wasannin tsohuwar Switch suna yi a cikinta.

Yanzu mu dawo kan kwalin Yaya. Faifansa na PS4, har da PES 2021 da muka fi so, za su yi a PS5, amma da sharaɗi. PS5 iri biyu ce, mai ramin faifai da marar rami. Da suka fito, mai rami dala 499 ce, marar rami dala 399. Mai neman sauƙi zai ɗauki ta biyun, ya dawo gida ya rasa inda zai sa faifai, kuma kowane wasa sai ya sauke shi ta intanet. Ku tuna yadda data ke ƙarewa a kan bidiyo ɗaya, ku kwatanta da wasan da ya kai gigabait 50. Hannun gem na PS4 kuma yana aiki a PS5 ne kawai idan wasan PS4 ake bugawa. Sabon wasa sai da sabon hannu, kuma ƙwallo ba ta daɗi sai da hannu biyu.

Faifan PS2 kuwa, PS5 ba ta san su ba. Haka ɗan katin ajiya mai megabait 8, wanda wani ɗan ajinmu ya shekara yana gina ƙungiyarsa ta Master League a ciki. Idan aka sayar da PS2, ƙungiyar ta tafi ke nan, da kofunanta. Da muka gaya masa, har idonsa ya yi ja. Sai talabijin: tsofaffin nan masu ƙeya da ake jona wa waya uku, ja da fari da rawaya, ba sa haɗuwa da PS5 kai tsaye, domin ita HDMI kaɗai ta sani. Ga wuta, tana jan kusan wat 200 idan ana wasa, PS2 siririya kuwa ko rabin haka ba ta kaiwa. A gidan da janareta da sola ke riƙe da shi, wannan man fetur ne, kuma mun san a kan wa za a fanshe. Kuɗin buga wasa zai tashi, 'yan firamare da ke zuwa da canjin aike su koma leƙe ta taga.

Masu cewa a jira PS6 fa? Mun yi ɗan lissafi: 1994, 2000, 2006, 2013, 2020. Tazarar shekara shida ce ko bakwai, don haka idan aka bi wannan sahu za ta faɗo wajen 2027. Wannan lissafinmu ne na 'yan aji biyu, ba sanarwar kamfani ba. Masu cika baki a waya cewa za ta buga komai tun daga PS1, mu dai tarihin PS3 ya sa ba mu saurin yarda. Abin da muke fata shi ne ta ci gaba da jin yaren PS4 da PS5, kuma a bar mata ramin faifai. A wurinmu wannan ya fi kyawun hoto muhimmanci, domin mu a nan na hannu muke saye, kuma wasan da aka saya ta intanet ba a ara wa aboki, ba a kuma kai shi kasuwa a sayar.

Ranar Lahadi mun koma wurin Yaya da takarda. Mun rubuta masa abin da zai tambaya kafin ya miƙa kuɗi: ko na'urar tana da rami, ko hannu nawa za a haɗa masa, sannan ya tafi da faifansa ɗaya a gwada a gabansa. Ya karanta, ya yi dariya, ya ce mu 'yan jarida mun fiye bincike. Amma ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce PS4 kaɗai zai sayar, PS2 guda biyun za su zauna a kusurwarsu a kan tsohon farashi, tafiya Kano kuma sai bayan an sayar da riɗi.