Yini Ɗaya a Tsohon Birnin Kano

Malam mai sauraronmu daga Maraɗi, yini ɗaya zai ishe ka ganin cikin birnin Kano, muddin ka rage buri. Hau Dutsen Dala da sanyin safiya, sannan ka gangaro Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Lungunanta sai da ƙafa. Wani zai ce asara ce a tsallake ƙofofin ganuwa. To, mai bin su duka cunkoso kaɗai zai sha, alhali a karofin Ƙofar Mata sai an tsaya ake ganin yadda marini ke tsoma zane cikin baba, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa. Gidan tarihi na Gidan Makama kuwa, leƙa shi kafin la'asar.