Koyar da Yara a Kan Hanya: Fita da Iyali a Farkon Damina

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9 da Markus 2:23-28
Ayar haddacewa: Maimaitawar Shari'a 6:7

Manufar darasi: Mu gane cewa tafiya a ƙafa tare da 'ya'yanmu tana cikin hanyoyin da Allah ya ba iyaye domin tarbiyya, mu kuma san yadda za mu yi ta cikin hikima.

Gabatarwa

Ruwa ya sauka. Ƙurar rani ta kwanta, tsaunukan da suka bushe ƙayau a watan Maris sun yi kore shar, manoma kuwa tun da asuba suke saɓa fartanya su nufi gona. Mu da muke zaune a birni, yawancinmu ta tagar mota muke hangen wannan alheri.

Wata shekara cikin watan Yuni, muna kan hanyar zuwa ƙauyenmu, mota ta lalace mana a gefen wata gona. Autana, wanda a lokacin yake ɗan shekara 11, ya dubi gonar ya ce, "Baba, me ya sa mai gonar nan ya bar ciyawa ta cinye masa gona?" Abin da ya kira ciyawa acca ce, wadda yake shan gwatenta kowane mako a gida. Kunya ta kama ni. Kafin makanike ya iso, sai na kama hannunsa muka bi wata 'yar hanya ina nuna masa shuke-shuke. Muna cikin tafiya, ba tare da na tambaye shi ba, ya gaya mini cewa wani babban yaro yana ƙwace masa abinci a makaranta, har an yi zango biyu ana haka. Kullum muna sujadar safe tare da yaron nan, amma bai taɓa faɗa ba sai a kan hanya. Tun daga ranar na sake duban ayar da muke nazari a yau.

1. Lokatai huɗu na koyarwa

Sa'ad da Musa yake yi wa Isra'ilawa gargaɗi kafin su haye Urdun, ya umarce su su riƙe maganar Allah a zuciya, su kuma koya wa 'ya'yansu da himma. Ya ambaci lokatai huɗu na wannan koyarwa: lokacin zama a gida, lokacin tafiya a hanya, lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Mu lura cewa iyaye ya ɗora wa wannan nawaya, a cikin harkokinsu na yau da kullum.

Iyalai masu bi da yawa suna ƙoƙari a kan uku daga cikin huɗun. Akwai sujadar safe, akwai addu'a kafin barci, akwai kuma 'yar hira a tsakar gida idan talabijin da waya sun bari. Na huɗun, wato tafiya a hanya, shi ne ya kusa ɓace mana. Iyayenmu ba su shirya masa wani lokaci na musamman ba, domin rayuwarsu ce gaba ɗaya. Ɗa yana bin ubansa gona, 'ya tana bin uwarta rafi da kasuwa, ran Lahadi kuma iyali su taka har majami'a. A kan waɗannan hanyoyi muka koyi sunayen itatuwa, da tarihin danginmu, da yadda ake gaida manya, da labarin yadda bishara ta shigo garinmu. Yau keke mai ƙafa uku ko motar makaranta ke ɗaukar yaro da safe, uba ya fita tun duhu ya dawo da duhu. Abin da dā yake zuwa da kansa, yanzu sai an yi niyya an keɓe masa lokaci.

Tafiya tana da wani amfani da zama ba shi da shi. Yaronmu ya taso da kunyar haɗa ido da babba, saboda haka idan ka zaunar da shi ka ce ya faɗi damuwarsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba kome. A kan hanya kuwa kuna kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani, magana sai ta fito da kanta. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wannan gaskiya ce har tsakanin uba da ɗansa.

2. Ubangijinmu ya koyar a kan hanya

Duk mai karanta Bishara da lura zai ga yawan abin da Yesu ya koyar yana cikin tafiya. A Markus 2:23 yana ratsa gonakin hatsi ne ran Asabar, almajiransa suna zagar hatsi suna ci, daga nan koyarwa a kan ranar hutu ta taso. A kan hanyar ƙauyukan Kaisariya Filibi ya tambaye su ko wane ne shi, Bitrus kuwa ya yi shaidarsa (Markus 8:27-29). Bayan tashinsa daga matattu ya bi almajirai biyu zuwa Imuwasu, tafiyar wajen kilomita 11 daga Urushalima. Ya fara sauraron baƙin cikinsu tukuna, sa'an nan ya buɗe musu Littattafai (Luka 24:13-27). Iyaye, mu riƙe wannan tsari: sauraro kafin wa'azi.

Ya kuma san darajar hutu. Da manzanni suka komo daga aika, jama'a suka yi ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, sai ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta (Markus 6:30-32). Wanda yake ganin fita shan iska da iyali ɓata lokaci ne ko al'adar masu kuɗi, bari ya sake karanta wannan wuri.

Yana da kyau mu bayyana wa yara cewa yanayin ƙasar Isra'ila dabam yake da namu. A can ruwa yana sauka ne daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Ana girbin sha'ir a lokacin Idin Ƙetarewa, na alkama kuma wajen Fentikos, cikin Mayu ko Yuni. Ke nan lokacin da su suke girbi, mu muna shuka. Duk da haka manomin can da na nan darasi ɗaya suke koya, wato haƙuri da jiran ruwa daga hannun Allah, kamar yadda Yakubu 5:7 ta nuna.

3. Abin da farkon damina ke koyarwa

Shamuwa. Mutanen ƙasar nan sun san cewa idan shamuwa ta iso, ruwa ya kusa. Takan yi sheƙa ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta a ƙasashenmu da damina, tana cin fara da tsutsotsi, idan rani ya yi kuma ta ƙaura zuwa kudancin Afirka. Annabi Irmiya ya ga danginta suna ratsa ƙasarsu a kan kari, ya yi makoki cewa tsuntsu ya san lokacinsa, amma mutanen Allah ba su san ka'idodinsa ba (Irmiya 8:7). Ka nuna wa yaro tsuntsuwar, ka tambaye shi wa ya gaya mata lokaci ya yi.

Tsiro. Ku tsaya a gefen gonar masara ko gyaɗa da ta yi mako biyu. Ku koma wurin bayan wata guda, yara su gwada tsawonta da jikinsu. Wannan shi ne misalin da ke Markus 4:26-29: mutum ya shuka, ya kwanta ya tashi, iri yana girma bai san ta yaya ba. Darasin na iyaye ne kuma. Tarbiyya shuka ce, ba a girbe ta a rana ɗaya.

Tururuwa da gara. Bayan ruwan dare shinge sukan fito su rufe fitila, da safe kuma a ga tururuwa a jere suna jan abinci. Karin Magana 6:6-8 ta aiki malalaci wurin tururuwa ya koyi hikima. Minti biyar a tsugune bakin raminta ya fi dogon faɗa a kan aikin gida.

Abincinmu. Yaro ya ga inda acca da dawa da gwaza suke fitowa. Ya ga kunyoyin dankalin turawa irin na ƙasar Bokkos da Mangu. Ya ɗanɗani 'ya'yan kaɗanya da ke nuna a wannan lokaci, ya san cewa daga ƙwallonsu ake samun man kaɗe, kamar yadda daddawa take fitowa daga kalwar ɗorawa. Wanda ya ga gumin manomi ba zai zubar da tuwo ba, addu'arsa ta godiya kafin cin abinci kuma za ta zama da ma'ana. Gani ya kori ji.

4. Yadda za a shirya

Kada rashin kuɗi ya hana. Wanda yake da hali zai iya kai iyalinsa tsaunukan Shere a gabashin Jos, ko duwatsun Riyom, ko magangarar ruwa ta Assop kusa da Hawan Kibo, ko ta Matsirga kusa da Kafanchan. Amma hanyar da ta bi bayan unguwa zuwa gonaki ta isa. Ziyarar kaka a ƙauye ta fi duka, gama a can yaro zai sami mai ba shi labari da harshen iyayensa.

A zaɓi rana. Akwai hutun ma'aikata a 1 ga Mayu, da Ranar Yara a 27 ga Mayu, da hutun 12 ga Yuni wanda aka fara kiyayewa a 2019. Akwai kuma safiyar Asabar, ko awa guda bayan sujadar Lahadi. Gara a fita sau biyu a wata ko da tafiyar gajeriya ce, da a yi babban biki sau ɗaya a shekara.

Maigida, kada ka bar wa uwargida wannan aiki, kada kuma ya zama ranar da za ta kwana tana girki. Dafaffiyar gyaɗa ko ƙosai da ruwan sha mai tsabta sun isa, kowa ya ɗauki nasa. A sa waya a aljihu. A yi tafiya daidai da ƙafar ƙaramin cikinku. A kuma tuna da maraya ko ɗan gwauruwar da ke maƙwabtaka, wanda ba shi da mai fita da shi.

5. A yi hattara

Bangaskiya ba ganganci ba ce. Dukanmu mun san yadda rashin zaman lafiya ya raba iyalai da yawa da gonakinsu a yankunanmu. Kafin a tafi wani wuri, a tambayi fasto ko dattawan ikkilisiyar wurin ko mai unguwa. Idan sun ce kada a je, kada a je. A tafi iyali biyu ko uku tare, a sanar da wani a gida, a dawo tun rana tana sama. Inda fita bayan gari ba ta yiwuwa, a shuka masara ko rama a bayan ɗaki ko cikin tsohon bokiti, a riƙa takawa zuwa majami'a tare.

Ruwan damina yakan zo da yamma ba sallama. Idan hadari ya haɗu, a sauko daga kan dutse, kada a fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, saboda tsawa. Kada a haye rafi bayan ruwan sama, domin ruwan da aka yi a kan tudu yakan iso da ƙarfi ko da sama ta washe. Tsofaffin ramukan haƙar kuza a ƙasar Filato suna cike da ruwa, suna da zurfi, sun kuma ci rayukan yara. Kada a bar kowa ya yi wanka a ciki.

Lokacin noma ne saran maciji yake yawa, musamman kububuwa. Yara su sa takalmi rufaffe, kada su tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Idan tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau. A hana wanda aka sara motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

A ƙarshe, a girmama gonar mutane. Shari'ar Musa ta yardar wa mai wucewa ya zagi hatsi da hannu, amma ta hana shi sa lauje a gonar maƙwabcinsa (Maimaitawar Shari'a 23:25). Mu a al'adarmu sai an roƙa. Yara su ga ubansu yana yi wa manomi barka da aiki, yana kuma gaida makiyayi da fara'a, ko na wace kabila ko addini ne. Yadda suka ga kana gaida baƙo a hanya, haka za su yi bayan ranka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin lokatai huɗun nan, wanne ne ya fi rauni a gidanku? Me ya sa?
2. Iyaye, wane abu kuka koya daga naku iyayen a hanyar gona wanda 'ya'yanku ba su sani ba?
3. Yara, wane abu kuke so ku tambayi Baba ko Mama idan kun sami lokaci da su?
4. Ta yaya zumuntar mata da ta maza da makarantar Lahadi za su taimaki iyalan da ba za su iya fita su kaɗai ba?

Kammalawa

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da yake roƙonka yau ka fita da shi, nan da 'yan shekaru kai ne za ka nemi ya zauna da kai. Kafin ruwa ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ku zauna da iyali a daren nan ku tsai da rana. Idan kun isa inda za ku huta, wani daga cikin yara ya karanta Zabura 65:9-13, kowa ya ambaci abu ɗaya da ya gani a hanya, ku gode wa Allah dominsa.

Addu'a: Ya Uba, mai aiko da ruwa a kan kari, mun gode maka domin damina. Ka gafarta mana inda muka bar 'ya'yanmu suna tafiya su kaɗai. Ka ba ƙasarmu salama, manomi ya je gona ya dawo lafiya. Ka ba mu kunnen sauraro da harshen koyarwa, a gida da kan hanya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.