Amsar Tambaya: Jiri, Shaƙuwa da Wahalar Haɗiya

Tambaya: Mahaifina ya wayi gari da jiri da shaƙuwa, ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, alhali gaɓoɓinsa suna motsi. Mene ne wannan?

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Alamomin nan sun yi kama da larurar da likitan Jamus, Adolf Wallenberg, ya yi bayaninta a 1895, wadda takan auku idan jijiyar da ke bi ta wuya tana kai jini gindin ƙwaƙwalwa ta toshe, galibi saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko shan taba, ko kuwa, ga matasa, tsagewar jijiyar bayan rauni a wuya. Daga cikin alamominta akwai dishewar murya, da saukar fatar ido ɗaya, da karkata gefe guda wajen tafiya, da abin al'ajabi, wato mutum ya daina jin zafi ko sanyi a rabin fuskarsa da kuma ɗaya ɓarin jikinsa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin yana iya zarcewa huhu. A gaggauta kai shi babban asibiti a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin neman magani ba ya kore tawakkali.