Labarin Dick Tiger, Ɗan Damben Nijeriya

Mu mutanen Fammar da Kibiya da Rano, babu mai koya mana dambe. In kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, sai samari su naɗe hannu ɗaya da zare, makaɗa su ɗauki kalangu, a shiga fage. Wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. To, Turawa ma suna da nasu damben, amma dokokinsa dabam ne.

Su da hannu biyu su ke naushi, kowane hannu da safa mai kauri. Fagensu kewaye ya ke da igiya. Kowane turmi minti 3 ne, sa'an nan a huta minti 1. In mutum ya faɗi, alƙali ya ƙirga goma bai tashi ba, an cinye shi. In kuwa an gama babu wanda ya kwanta, alƙalai su duba wanda ya fi gwaninta.

Babbar dokarsu ita ce ta awo. Kafin a kara, sai kowa ya hau sikeli, don kada a haɗa ƙato da ƙanƙane. Akwai ajin da iyakarsa laba 160, akwai na laba 175, watau wajen kilo 79. A zamanin da za mu yi magana, daga wannan sai ajin manyan ƙarti, waɗanda ba a yanka musu iyaka.

Wani mutumin ƙasarmu ya taɓa zama zakaran duniya a ajin nan biyu. Sunansa na yanka Richard Ihetu, amma Dick Tiger a ke ce da shi. An haife shi a Amaigbo, cikin ƙasar Ibo, a 1929. Ɗan talakawa ne, har ya yi sana'ar tara kwalabe yana sayarwa a Aba. A 1955 ya tafi Liverpool, a Ingila. Karawa huɗu na fari duk aka cinye shi. Da wani ne, da ya tattara nasa ya nasa ya komo gida. Shi kuwa ya daure, ya gyara hannunsa, har a 1958 ya buge Pat McAteer, ya zama zakaran ƙasashen da ke tare da Ingila. Mahaƙurci mawadaci.

Daga nan ya wuce Amurka. A 1962 ya ci Gene Fullmer, ya zama zakaran duniya na laba 160. A 1963 suka kara a Badun, a idon mutanen gida, ya sake cinsa. Sarautar ta kuɓuce masa a ƙarshen wannan shekara, ya ƙwato ta a 1965, sa'an nan Emile Griffith ya karɓe a 1966.

Lokacin nan shekarunsa sun tasam ma 37, har waɗansu na cewa ya tsufa. Maimakon ya ajiye, sai ya hau ajin laba 175, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ran 16 ga Disamba 1966, a birnin New York, ya kara da zakaran ajin, José Torres. Turmi 15 suka yi. Dabararsa ita ce ya matso kusa ƙwarai, yana sakin naushi a haƙarƙari da ciki, don in ka shiga jikin dogo, tsawon hannunsa ba ya amfaninsa. Alƙalai suka ba shi. A 1967 ya sake cin Torres, ya kuma ci Roger Rouse.

Amma gaba da gabanta. Ran 24 ga Mayu 1968 ya gamu da Bob Foster, dogo mai mugun hagu. A turmi na 4 Foster ya shimfiɗe shi, aka ƙirga goma. Sarauta ta tafi.

Hasara ba ta tsaya nan ba. Yaƙin basasa ya ci ƙasarmu daga 1967 zuwa 1970, shi kuwa ya goyi bayan Biyafara, dukiyar da ya tara a gida da yawa ta salwanta. Bayan ya bar dambe, ya yi aikin gadi a wani gidan kayan tarihi a New York. Can ciwon dajin hanta ya kama shi. Ya komo gida, ya rasu a Aba cikin Disamba 1971, yana da shekara 42. Karawa 82 ya yi, ya ci 60.

To, jama'a, ku ja kunnen samarinku masu ɗokin shiga fage. Faɗuwar fari ba ta hana mutum zama gwani. Amma ƙarfi aro ne, kwanansa kaɗan. Mai cin abinci da damtse, kada ya yar da fartanya, kada kuma ya yar da allo.

Tambayoyi

1. Don me a ke awon 'yan dambe kafin su kara?
2. Wace dabara Dick Tiger ya yi wa Torres?
3. A wace shekara Bob Foster ya karɓe sarautar?