Darasi: Ado da Tsari a Aikin Hannu

Darasinmu na yau ya shafi duk mai sana'ar hannu a ɗakinta, ko saƙa ce, ko ɗinkin hula, ko faifai. Abubuwa biyu ne ke haɗuwa a aikinki: tsari da ado. Tsari shi ne yadda za ki ƙera abu ya biya buƙatar da aka yi shi dominta. Ado kuwa fasaha ce da ke faranta ido da zuciya.

Mu ɗauki misali da randa. Ba don zanen jikinta take sanyaya ruwa ba. Yumɓun da aka gina ta da shi yana da 'yan ƙofofi ƙanana, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, sai na ciki ya yi sanyi. Wannan shi ne tsari.

To, ku dubi bayan takardar naira 20, za ku ga hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane da ta rasu a 1984. A 1954 ta shiga makarantar koyar da ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja a yanzu. A can aka riƙa shafa wa tukwanenta ruwan ƙyalli mai kama da gilashi, a gasa su da wuta mai tsanani. Suka yi kyau ƙwarai, har aka baje kolinsu a Landan. Amma fa ƙyallin ya toshe ƙofofin nan, tukwanen suka ƙara nauyi, suka daina sanyaya ruwa. Sai suka zama abin kallo. Wannan ba aibu ba ne, tunda masu sayensu don kallon suke saya.

Inda matsalar take shi ne idan ba ki san wanne kike yi ba. Hular da ta sha aiki amma ta ƙi zama a ka, ko faifan da rininsa ke zuba a abinci, mai saye ba zai sake dawowa ba, jarinki kuma ya karye. Don haka kafin ki zare allura, tambayi kanki: wa zai yi amfani da wannan, kuma don me? Ki fara daidaita awo da ƙwari, sannan ado ya biyo baya.

Aikin gida: ki zaɓi abu 3 a ɗakinki, ki bambance tsarinsu da adonsu.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.